Na haɗa samfurin jirgin ruwan yaƙin Ingila HMS Dreadnought, ga ra'ayina

Kit ne, kwalin sassan roba da kake haɗawa da kanka, sikelin 1/350, wato ainihin jirgin mai tsawon kusan mita 160 ya koma santimita 46 a kan tebur. Gangar jikin ta haɗu lafiya lau, ɗan sanfefa kawai na goga a wurin haɗin, manyan igwan nan guda 10 masu inci 12 su ma sun fito ras, bututun igwan dai ya ɗan yi kauri amma ba laifi.

Inda kit ɗin ya burge ni shi ne turken nan mai ƙafa uku da suka dasa a bayan bututun hayaƙi na gaba. Wanda bai sani ba zai ce kamfani ne ya yi shirme, to wallahi haka jirgin yake tun da aka ƙera shi a Portsmouth aka sa shi a ruwa a 1906, hayaƙi da zafi suna tasowa su cika ɗakin masu hangen nesa da ke saman turken, su dai masu kit sun bi gaskiya ba su gyara wa sojojin ruwan Ingila kuskurensu ba.

Amma fa takardar umarnin ta ba ni haushi, ba ta faɗa maka siffar wace shekara kake ginawa ba, alhali jirgin ya yi ta canza kama. Da farko yana da ragar tare tofido, wato bam ɗin da ake harbawa ta ƙarƙashin ruwa, da sandunanta jere a gefe, da aka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya aka cire saboda tana rage gudu, ƙananan bindigogin ma an yi ta sauya musu wuri har da na kan rufin manyan igwa. To in kana son siffarsa ta Maris 1915 lokacin da ya banke jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus U-29 ya nutsar da shi, dole ka zauna da tsofaffin hotuna kana ƙirga bindiga ɗaya bayan ɗaya, hotunan kuma baƙi da fari ne, launin tokan ma rigima ce tsakanin masu wannan harka. Kar kuma a rubuta Jutland, babban yaƙin ruwan da Ingila da Jamus suka gwabza a 1916, a jikin allon sunan samfurin, bai je wannan yaƙin ba.

Shingen gefe babu a kwalin, sai ka sayi na tagulla daban. Ɗan koyo ya fara da ƙaramin jirgi tukuna, wannan sai da hantsaki mai kyau da gam mai siririn baki.