Takin zamani ko ƙwayoyin halitta: wanne ya fi dacewa da dashen itatuwa?

Hajiya, kin tambaya ko NPK, wato takin zamani mai naitirojin da fosforas da fotasiyam, za ki saya wa dashen maɗaci da tik (itacen katako da ake kira teak a Turance) da kike reno cikin leda a Aboabo ta Kumasi, ko kuwa garin ƙwayoyin halitta da aka tallata miki. Kowanne da aikinsa.

Takin zamani irin NPK 15-15-15 dafaffen abinci ne, nan da nan ganye zai yi shar. Sai dai ƙasar leda 'yar kaɗan ce, kuma da idona na ga jeri guda na dashe ya ƙone cikin kwana uku, saboda yaron da ke ban-ruwa ya zuba taki cikin tafin hannu har ya taɓa gindinsu. Wanda ya sha taki da yawa kuma yakan zuƙe da tsayi ba tare da saiwar kirki ba, sai hunturu ya wahalar da shi bayan an kai shi fili.

Su kuwa ƙwayoyin halitta hanyar samun abinci suke buɗe wa tsiro, a hankali. Maikoraiza naman gwari ne da ke shiga saiwa, ya miƙa siraran zaruruwa cikin ƙasa ya jawo fosforas da ruwa, abin da ke da amfani ƙwarai a ƙasar Asante mai tsami wadda ke riƙe fosforas ta hana tsiro. Raizobiyam kuwa, wato bakteriya mai zama a saiwa, yana kamo naitirojin daga iska, amma a itatuwa dangin wake kawai, kamar gawo da bagaruwa, don haka maɗacinki da tik ba su da rabo a ciki. Mai renon gawo ya tumɓuke ɗaya ya fasa ɗan ƙullin da ke jikin saiwar, irin na gyaɗa: in cikinsa ja-ja ne, yana aiki. Kada ki manta garin nan mai rai ne. Zafin rana da maganin kashe naman gwari suna hallaka shi, saboda haka ki duba kwanan watan lalacewarsa da inda mai shago ya ajiye shi.

Ana iya haɗa su, amma fosforas mai yawa yana sa saiwa ta ƙi karɓar maikoraiza. Da ni ce, sai in cuɗa ƙasar sama da yashi da kashin kaji wanda ya ruɓe sosai, in barbaɗa maikoraiza a ramin lokacin dasawa cikin leda, in jira dashen ya kafu, sannan in sa 'yan ƙwayoyin NPK a gefen leda. Kafin ki kashe kuɗi, ki nuna wa masanan FORIG, cibiyar binciken gandun daji ta Ghana da ke Fumesua kusa da Kumasi, sunan da ke jikin fakitin.