Ƙwaya ko sauraro: hanyoyi biyu ga ciwon damuwa

Wata ƙanwata a Sakkwato ta yi wata uku tana juya tuwo a kwano ba ta ci, barci kuma sai gab da asuba. Hanya biyu aka nuna mana.

Ta farko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. A can ciwon damuwa cuta ce kamar hawan jini: idan ƙunci ya wuce mako 2, likita ya duba, ya rubuta magani, wanda kan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga sauƙi.

Ta biyu, wato sauraro, ta fi ja mini hankali. Carl Jung, likitan Suwizalan da ya rasu a 1961, yana ganin ƙarfin mutum bai ɓace ba, ya nutse ne can ciki, kamar ruwan rijiya da bazara. Sai a tambayi mai ciwon mafarkinta, da abin da ta haɗiye ba ta faɗa ba. Sigmund Freud, likita ɗan ƙasar Ostiriya, tun 1917 ya ce wani lokaci fushi ne mutum ya juya wa kansa. Ƙanwata kuwa karatu aka raba ta da shi, ta yi shiru shekara shida.

Sai dai wannan hanya tana cin lokaci, masananta kaɗan ne a nan, kuma wanda ke tunanin kashe kansa asibiti za a kai shi yau. Mu da magani muka fara. Da barci ya dawo, Inna ta zauna tana sauraronta bayan isha'i.