Hattara da masu sayar da kik suna cewa "duk ɗaya ne"

Jama'a, masu tsofaffin manyan motoci da makanikai, don Allah a yi hattara. Akwai wasu da ke tallar kik, wato na'urar da ke tayar da injin mota, a Facebook da WhatsApp, wai ɗan Beljiyam ne, ka turo kuɗi a sa maka a mota. Matattun kik suke tattarawa, su wanke da fetur, su fesa baƙin fenti, sannan su cusa masa duk bendis ɗin da ya zo hannu, wato ƙaramar giya mai haƙora da ke bakin kik. Sai a turo maka bidiyo an jona shi da batir yana ta juyawa. Wannan ba gwaji ba ne. Kik mai rabin rai ma zai juya muddin ba inji yake ja ba.

Inda cutar take shi ne haƙora. Dole haƙoran bendis su dace da na zoben da ke jikin filawil, wato babban faifan ƙarfen da ke bayan inji, a yawa da kauri da tazara. Wani tara ne, wani goma, wani sha ɗaya, kuma ko yawan ya zo ɗaya kaurin na iya bambanta. In ka tambaya sai ya ce maka, "Alhaji, duk ɗaya ne, ɗaura kawai." Wallahi ba ɗaya ba ne. Ranar farko motar za ta tashi da ɗan ƙara, daga nan kullum sai ya ƙara gwaguyar zoben. Inji mai silinda shida, irin OM352 na Marsandi 911, kusan a wurare uku yake tsayawa in an kashe shi, don haka nan ne haƙoran za su fara cinyewa, har ka murza makulli ka ji ƙarrr, inji ko motsi.

Daga nan aiki ya girma. Sai an sauke giyabos da kuloci, a ciro filawil, a gasa sabon zobe da wuta kafin ya zauna. Mota na kwance, lodi na jira. Ka kira wanda ya sayar maka da kik ɗin ya ce an riga an ɗaura, ba a mayarwa, wani ma ya toshe lambarka.

Kada ka tura ko sisi sai bakanikenka ya aza tsohon kik ɗin kusa da sabon. A ƙirga haƙora, a duba ramukan ɗauri da tsawon hancinsa, a tabbatar wutarsa volt 12 ce ko 24, da ɓangaren da yake juyawa. A leƙa ta ramin kik da tocila, ana juya injin a hankali, a ga lafiyar zoben tukuna. Wanda ya ƙi yarda da sharaɗin mayarwa a gaban shaida, bar masa kayansa.