Fatar ratayewa ko mai katako: wacce ta fi wa aska?

Ɗan'uwa, tsakanin fatar washi ta ratayewa da wadda aka manna a jikin katako da ka tambaya, ta ratayewa za ka saya. Nemi mai faɗin inci 3, ta kirgin saniya, wadda ta zo da ɗan'uwan yadi mai kauri a haɗe da ita.

Irinta nake amfani da ita shekara da shekaru. Da na saye ta fara ce, ga tauri, yanzu ta yi duhu tana sheƙi, kuma ban taɓa zuba mata mai ba, tafin hannuna kawai nake goga mata har ta ɗan yi ɗumi kafin in ɗora aska. Nakan maƙala ta a ƙugiya, in ja ta da hagu ta miƙe sosai, in kwantar da askar yadda bayanta da bakinta duk suna taɓa fatar. Bayan ne ke gaba, bakin yana biye. In na kai ƙarshe sai in mirgina ta a kan bayanta in dawo, ba a taɓa juya ta ta wajen baki. Akwai wani siririn sauti da take yi in hannu ya daidaita, kuma za ka ji fatar tana ɗan riƙe ƙarfen. Da zarar sautin ya koma na kankara, to bayan askar ya ɗaga, sai ka tsaya ka gyara riƙo. Yawancin masu aski da aska suna yin ja 20 zuwa 30 a yadin, sannan 40 zuwa 60 a fatar, kafin kowane aski.

Abin da ya sa na fifita ta shi ne tsawo da faɗi. Bakin aska siriri ne ƙwarai, gashin gemu kuma da tauri, don haka duk askin da ka yi sai bakin ya ɗan lanƙwashe nan da can, ko da ido ba ya gani. Aikin fata shi ne ta miƙar da shi ta goge shi, ƙarfen da take ci bai taka kara ya karya ba. Wannan aiki yana son doguwar ja a natse, kuma ta ratayewa takan ba ka kusan ninki biyu na filin da yawancin masu katako ke bayarwa. Sannan tsawon bakin aska wajen inci 3 ne. In faɗin fatar ya kai haka, ja ɗaya ya game bakin duka. In kuwa inci 2 ce, dole ka riƙa karkata hannu kana ja a gicciye don kowane ɓangare ya samu, kuma a nan sabon hannu yake yawan yanka fata.

Tana da nata sharaɗin. In ka bar ta ta yi sako-sako, ko ka danna askar da ƙarfi, fatar za ta lanƙwaso ta naɗe bakin, ka ga aska tana dakushewa alhali kullum kana wasa ta. Nauyin askar kaɗai ya isa.

Mai katako kuwa ina da ita, tana nan a durowa. Ba ta lanƙwasa, tana shiga jaka in za a yi tafiya, iyakarta ke nan a wurina. Ranar da nake ciro ta ita ce ranar da aska ta fara jan gashi, domin a kanta na shafa wani koren man washi da ake kira chromium oxide, mai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, kusan maikiron 0.5 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Shi yana cin ƙarfe, ja 5 zuwa 10 sun wadatar. Kada ka kuskura ka shafa shi a fatar washinka ta kullum, in ya shiga ba ya fita.

Ka kuma sani, askar da ta riga ta dakushe babu fatar da za ta dawo da ita, ko ta ratayewa ko mai katako. Wannan aikin dutsen washi ne: mai lamba 1000, wato mai ɗan kaushi, ya fitar da baki, a hau har zuwa masu laushi, 8000 ko 12000, a gama. In ba ka iya ba, ka bai wa wanda ya iya ya yi maka, fatar ta riƙe maka kaifin na watanni.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan kasuwa, musamman na intanet. Da yawan abin da suke rubuta wa "fata zalla" tarkacen fata ne aka niƙa aka kwaɓa da gam, aka lulluɓe da roba. Ka ce a ɗauko maka hoton gefen da aka yanka da na bayanta. Fatar gaske za ka ga zarenta a gefe, ta bogi kuwa sumul take, ko ka ga hawa-hawa an manne. In ta iso hannunka ka shinshina, warin roba ba ya ɓuya. Wadda aka aiko a ninke har layin ninkin ya fito a tsakiya, mayar da ita, don duk ja sai bakin aska ya yi tuntuɓe a wurin. Haka masu haɗa aska da fata da buroshi a kwali ɗaya da arha, sau da yawa ƙarfen askar mai laushi ne, ba ya riƙe kaifi, sai ka yi ta zargin fatar a banza. Wasu ma har tambarin Solingen suke bugawa, alhali sunan wannan gari na Jamus doka ce ke kare shi, sai kayan da aka ƙera a can ke da izinin ɗaukarsa.

Za kuma a kwaɗaita maka fatar doki, wadda ake kira shell cordovan, irin wadda kamfanin Horween ke jemewa a Chicago ta Amurka. Fata ce mai kyau, ba musu, amma ba ta mai koyo ba ce. Kusan kowa sai ya yanki fatarsa ta farko yayin koyon juyi, gara abin ya faɗa kan kirgin saniya. Ƙaramin yanka kana iya manne shi da ɗan gam, ko ka goge wurin da samfefa mai laushi ya kwanta. Kafin ka ɗora askarka ma, ɗauki wuƙar da ba ta da kaifi ka yi ta koyon ja da mirginawa a kan fatar, a hankali, har yatsunka su saba juya ta ba tare da ka murɗa wuyan hannu ba.