Rautan da na saya don jawo wayfai zuwa sashen Hajiya

Gaskiya da farko yabonsa kawai nake yi. Gidanmu ginin bulo ne mai kauri, babban rauta, wato na'urar da ke watsa wayfai, yana falona, sashen Hajiya kuma can ƙurya, sai ta fito tsakar gida ta ɗaga waya sama kafin saƙon WhatsApp ya shigo. Mai shago yace wannan ƙaramin rautan mai eriya biyu zai kamo wayfai ɗin babban ya sake watsawa ba sai an ja waya ba, kuma hakan akayi. Na shiga shafin saitinsa a 192.168.0.1 na canza masa adireshi don kar su yi karo da babban, na kunna WDS, wato saitin da ke haɗa rauta da rauta ta iska, ya gano sunan wayfai ɗina, na zuba fasawod, na kashe DHCP, wato mai raba wa wayoyi adireshi, na jona shi a baranda. Ranar har albarka Hajiya ta sa min.

To sai ranar sunan jikanta. Yayata tana Madina, an shirya bidiyo kol don ta ga jaririn, ana saura kaɗan aka ɗauke wuta, muka tada janareta, fitilun rautan duk sun kawo, sandunan wayfai cike a wayarta amma intanet ko ɗigo. Tana ta cewa "ɗan nan abin naka ya mutu ne?" ni kuma ina durƙushe a baranda da tsinken sakace ina danna riset, gumi har cikin ido. Ƙarshe da datana aka yi kiran, shima yana yankewa.

Ashe babban rautan ne chanel ɗinsa, wato layin da yake watsa wayfai a kai, ke kan Auto, duk sanda wuta ta dawo sai ya koma wani, shi kuma WDS dole su biyun su zauna a chanel ɗaya. Takardar cikin kwalin ko layi ɗaya bata faɗi haka ba, kuma fisabilillahi a ƙasar da ake ɗauke wuta kullum ai wannan ya kamata su fara rubutawa. Na ƙulle su duka a chanel 6 ya daina.

Sannan gudun ma rabi ne, tunda rediyo ɗaya ce a 2.4GHz ke karɓa kuma take turawa, yara na buɗe YouTube sai komai ya tsaya cak, mai shagon kuma shiru yayi a kan wannan. Yana aiki dai, ban ce kar a saya ba, amma ni wallahi in na samu kuɗi kebul zan ja ta silin in huta.