Hattara da masu sayar da “kallon Firimiya na har abada” a WhatsApp

Jama'a, musamman masu gidajen kallon ƙwallo da samarin da ke kallo a waya, akwai wata damfara da ke yawo a WhatsApp da Telegram da Facebook, kuma tana ƙara ƙamari duk lokacin da za a buɗe sabuwar kaka. Wani zai sa talla cewa ka biya sau ɗaya kacal, ya ba ka manhaja ko lambar sirri da za ka riƙa kallon Firimiya da La Liga da gasar Zakarun Turai har abada, babu faranti, babu dikoda, babu biyan wata-wata. Don Allah kada ku tura masa ko sisi.

Abin da ya sa mutane ke faɗawa tarkon a bayyane yake. Kallo ya yi tsada. A watan Maris na 2025 babban tsarin DStv ya tashi daga naira 37,000 zuwa 44,500 a wata, ga kuɗin fetur na janareta. A gefe guda kuma, da gaske ne ƙwallo na komawa intanet: Amazon ya fara nuna wasannin Firimiya a Ingila a 2019, Showmax kuma ya fito da tsarin kallon gasar a waya a 2024. Wannan sauyin ne 'yan damfara suka fake da shi, suna cewa ai yanzu komai ya koma waya, talabijin ya zama tsohon yayi.

To amma komawa intanet bai sauya mai haƙƙi ba. Gasar ce ke sayar da izinin nuna wasa, yanki-yanki, na 'yan shekaru, kuma da kuɗi mai nauyi. A Disambar 2023 Firimiya ta sayar wa Sky da TNT Sports haƙƙin nunawa a cikin Birtaniya kaɗai kan fam biliyan 6.7 na shekara huɗu. A nan Najeriya SuperSport ke nuna ta, a Nijar kuma Canal+. Su kansu waɗannan kamfanoni ba su da izinin har abada, sai sun sake zuba kuɗi idan wa'adi ya cika. To ta ina wani mai lambar waya ɗaya da hoton tambarin ƙungiya ya samo abin da zai sayar maka na dindindin? Sata yake sayarwa, kuma ya san ba za ta daɗe ba.

Ga yadda suke yi. Za su ba ka gwaji kyauta na kwana ɗaya ko biyu, hoto tangaran, har ka ce ka tsinci dami a kala. Kana tura kuɗi zuwa asusun wani mutum, sunan ma ba na kamfani ba, sai labari ya sauya. Ranar babban wasa, mutane sun cika benci, an tayar da janareta, hoton ya daskare ana tsakiyar kai hari. Ko kuma maƙwabta su ɓarke da ihun an ci, kai ƙwallo tana tsakiyar fili a allonka. Ka kira shi ya ce “ana gyaran saba ne, ƙaro dubu biyu a sabunta maka” (saba ita ce kwamfutar da ke turo hoton ta intanet). Bayan mako biyu lambar a kashe, an cire ka daga rukuninsu na WhatsApp. Mai gidan kallo shi ke kwana a ciki, domin sai ya mayar wa samari kuɗinsu, gobe kuma su tafi gidan da ke gaba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne manhajar kanta. Ba a Play Store take ba. Fayil za su turo, su ce ka buɗe wa waya izinin saukar da abu daga ko'ina. Daga nan ta nemi shiga saƙonninka da lambobin mutanenka. Me ya haɗa kallon ƙwallo da karanta saƙon tes? A nan ne lambar tabbatarwa ta banki ke shigowa. Wanda ya je neman rangwamen kallo sai ya wayi gari an yashe masa asusu.

Masu zama dillalai suna sayar wa abokansu don samun kamasho, ku ma ku yi hattara. A 2023 kotu a Ingila ta ɗaure mutum biyar da ke gudanar da irin wannan haramtacciyar hanya mai suna Flawless, shugabansu ya samu shekara 11. Najeriya ma tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, kuma sunanka ne ke kan asusun da aka tura kuɗin.

Wanda ya riga ya saka manhajar, ya goge ta yau, ya sauya lambobin sirrin bankinsa, ya kira bankin ya sanar da su. Ya adana rasit ɗin tura kuɗin da hotunan hirarsu, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Mai son kallo a waya kuma ya biya ta shafin kamfanin ko ofishin dilansu da aka sani a gari, inda za a ba shi rasit da sunan kamfani.