Shagon da anka gyara min Linux ba a ce in goge ta ba

Jama'a bari in ba ku labarin wani ɗan shagon gyaran kwamfuta da na je nan Sakkwato wajajen titin Emir Yahaya, don na san akwai masu Linux garin ga da ba su san inda za su nufa ba in ta rikice musu.

Laftof ɗina tsohuwar HP ce mai ram 4GB, Linux Mint na Xfce (wato tsarin fuskar da ake aiki a kai) ke kanta. Kusan sati 2 duk na kunna sai in ga alamar netwok guda biyu a ƙasa, da dare kuma fuskar ta dinga ƙyaftawa, ta yi ja ta koma fari ta sake yin ja, wallahi har idona ya fara ciwo ga ni da aikin taifin na mutane a kai. Shago biyu na shiga kafin wanga, dukansu magana ɗaya, Malam kawo mu goge mu sa maka Windows. Ko duba ta ba su yi ba.

Shi yaron wanga shagon sai ya ce Malam zauna mu gani tukuna. Ya buɗe htop, manhajar da ke nuna abubuwan da ke gudana cikin kwamfuta, ni da na ga Firefox ta cika layi kusan ashirin hankalina ya tashi na ce to ga matsalar nan, ya ce a'a, mafi yawan waɗanga zare ne, wato ƙananan rassa na aiki guda, htop ce ke jera kowane a layinshi. Ya danna Shift da H, take sunka ɓace sai kaɗan, waɗanda sunka rage kuma ya ce haka Firefox take, da gangan take raba aikinta. Wannan bayanin kaɗai ya biya min kuɗin Keke.

Sannan ya rubuta pgrep -a redshift, umarnin da ke nuna lambar kowace redshift da ke gudana, sai ga lamba biyu. Redshift ɗin nan manhaja ce da ke sa launin fuska ya yi ja-ja da dare, to guda biyu ne ke gudana kowace na jan launi wajenta, shi ne ƙyaftawar. Haka nm-applet, mai nuna alamar netwok, ita ma biyu. Na ce mishi ai ina kashe su da umarnin kill amma gobe su dawo, ya ce dole su dawo tunda ba a taɓa mai tada su ba. Ashe akwai wata 'yar alama wajen fita da ke sa Xfce ta adana duk abin da ke buɗe don ta sake buɗe shi, ni ban ma san yaushe na danna ta ba, ga kuma autostart, wato jerin abubuwan da ke tashi da kansu in an kunna, na tada su tun asali, redshift daga ~/.config/autostart, ta netwok daga /etc/xdg/autostart. Kenan mai kira biyu, amsa biyu. Ya cire alamar, ya share abin da ke cikin ~/.cache/sessions, munka kashe munka kunna har sau 2, ko wace guda ɗaya ta fito. Ya kuma ja min kunne kar in je ina goge fayil a /etc, in akwai wanda ba na so in cire mishi alama cikin saitin farawa ya isa.

Abin da ya ƙara kwantar min da hankali, da anka zo wajen faswod sai ya turo min laftof ɗin ya kau da kai na sa da hannuna.

Amma fa sai an yi haƙuri da wurin. Shagon ƙarami ne ƙwarai, benci ɗaya, masu gyaran waya sun cika shi, na fi awa ina jira cikin zafin rana kuma ba wuta, fanka tsaye. Yana da saurin magana ma, sai da na roƙe shi ya rubuta min umarnin a takarda. In za ku je ku je da safe kafin 10, ku riƙo cajarku don tashi ba ta shiga kowace HP.